Baƙon da ya shekara talatin a Gwallaga, wane ne kansilansa?

A can ƙarshen kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na huɗu inda aka zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, an ambaci keke da kwalekwale da baro da amalanke. Ƙaramar hukuma ce ke da hurumin ba su lasisi. Ita ce mai kasuwa da tasha da mayanka da maƙabarta da ban-ɗakin jama'a. Ita ke kwashe shara, ita ke sa ido a kan shaguna da 'yan tireda da gidajen abinci da na burodi da na wanki da guga, ita ke raɗa wa titi suna, ta rubuta haihuwa da mutuwa da aure. Wanda ya karanta wannan jeri, sannan ya fito ya taka daga Gwallaga zuwa Wunti, ya zarce kasuwar Muda Lawal, zai lura cewa cikin mutanen da jerin ya fi shafa, waɗanda abincinsu na yini ke rataye a kan kura da teburin shayi da rumfa, akwai da dama da ba a Nijeriya aka haife su ba. Ga ɗan ga-ruwa daga ƙasar Damagaram, ga Buzu mai gadi daga Tawa ko Agadas, ga mai shayi daga Maraɗi, ga mai dabino, ga mai yankan farce.

Wasunsu 'yan ci-rani ne, su zo bayan kaka su koma da faɗuwar ruwa. Ba da su nake ba. Ina magana a kan wanda ya zo yana saurayi, ya yi aure a nan, 'ya'yansa na firamaren unguwa, ya binne nasa a maƙabartar garin, kuma in an tashi karo-karon gyaran kwalbati ko biyan 'yan sintiri, ba a taɓa tsallake ƙofarsa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, to ga raɓar da ta shekara talatin rana ba ta ɗauke ta ba. Mai yankan rasit na ƙaramar hukuma ya san rumfarsa sarai. Ɗan takarar kansila kuwa, ranar da ya zagayo neman ƙuri'a, gaisuwa kawai zai yi masa ya wuce, kuma bisa doka daidai ya yi.

Dokar a fili take. Sashe na 77 da na 117 sun ce ɗan Nijeriya da ya cika shekara 18 shi ake yi wa rajistar zaɓen majalisa. Sashe na 7 ya ɗora zaɓen ƙaramar hukuma a kan wannan ma'auni, ya ce duk mai ikon zaɓen ɗan majalisar jiha, dole gwamnatin jiha ta tabbatar ya samu damar zaɓen ƙaramar hukumarsa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta sa zama ɗan ƙasa a sahun farko na sharuɗɗan rajista. Hukumar zaɓe ta jiha, BASIEC, ba ta da kundin masu zaɓe nata na kanta, da na INEC take aiki. Ke nan ko da majalisar dokokin jihar Bauchi ta wayi gari da niyyar bai wa baƙi ƙuri'ar kansila, hannunta a ɗaure yake sai Abuja ta kwance. Birnin Niyok na Amurka ya gwada yin gaban kansa: a Disambar 2021 majalisar birnin ta amince baƙi masu izinin zama, kimanin mutum dubu 800, su riƙa zaɓen magajin gari da kansiloli. Ko sau ɗaya ba su jefa ba. Kotu ta dakatar da dokar a 2022, kotun ƙolin jihar ta binne ta a Maris na 2025, saboda kundin jihar 'yan ƙasa ya ambata.

Za a ce, to ya nemi zama ɗan ƙasa mana. Mai faɗin haka bai duba ƙofar da ake nuna wa mutumin ba. Sashe na 27 na bukatar ya shekara 15 a ƙasar, gwamnan jihar ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. A aikace, harka ce ta ma'aikatar cikin gida a Abuja, ta takardun haraji da izinin zama da kuɗin cike fom da lauya. Shi ya sa duk lokacin da aka yi bikin miƙa takardun, 'yan ɗaruruwa ne ke karɓa, da dama daga cikinsu Kwarori masu masana'antu da matan da suka auri 'yan Nijeriya. Mai kura ba ya cikin wannan layi, bai ma san da shi ba. Haihuwa a ƙasar ma ba ta wadatar: yaron da aka haifa a Bauchi, uwa da uba da kakanni duk mutanen Nijar, ba ɗan Nijeriya ba ne a sashe na 25, ko da bai taɓa ganin Zinder ba. Akwai kuma wani karkataccen hukunci a sashe na 26. Baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya tana iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma baƙon da ya auri 'yar Nijeriya ba shi da wannan hanya. Sai ka tarar da gida guda a Gwallaga, uwa na da katin zaɓe, 'ya'ya na da shi ta wajen uwa, maigidan da ke ciyar da su kuwa ranar zaɓe yana zaune a ƙofar gida yana jiran su dawo su ba shi labari.

Ni dai ra'ayina, mutumin da ya daɗe a unguwa da sanin hukuma, aka san sana'arsa da ƙofar gidansa, ya cancanci ya zaɓi kansila da ciyaman. Ban ce gwamna ba, ban ce ɗan majalisa ba, balle shugaban ƙasa. Waɗannan kujeru su ke riƙe da soja da iyaka da baitulmali da dokokin da ke fayyace ko mu su wane ne, kuma hakkin 'yan ƙasa ne su kaɗai. Amma kwatar da ta toshe, da bolar da ta cinye rabin titi, da asibitin sha-ka-tafi da babu ko auduga, da ajin da yara ke zaune a ƙasa, waɗannan ba su tambayar fasfo. Duk wanda ke kwana kusa da su ya san halinsu, kuma shi ya fi cancanta a tambaya ko wanda aka ba amanarsu ya riƙe.

Wannan ba sabon tunani ba ne a duniya. Ayalan ta buɗe zaɓen ƙananan hukumomi ga mazauna tun 1963. Suwidin ta bi a 1975 da sharaɗin zaman shekara uku, Holan a 1985 da shekara biyar. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta bai wa kowane ɗan Tarayyar Turai damar zaɓen gari a duk ƙasar tarayyar da yake zaune. Koriya ta Kudu ta yi nata a 2005. A nan Afirka, kundin Malawi ya yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya yi zaɓe in ya shekara bakwai a ƙasar. Faransa kuwa, Mitterrand ya yi alkawarin haka lokacin neman shugabancin ƙasa a 1981, Hollande ya maimaita a 2012, har yau baƙon da ba ɗan Turai ba bai ga akwati ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Ingila, don mu ya shafa. Ɗan Bauchi da ya tafi karatun digiri na biyu a can, muddin yana da izinin zama, yana iya yin rajista ya zaɓi kansila, har ma da ɗan majalisar ƙasa, albarkacin Nijeriya na cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Yaranmu na yin haka, su ɗauki hoto su turo a WhatsApp, mu yi ta sa albarka. Ba na jin akwai wanda ya taɓa cewa sun yi wa Turawa kutse.

Ba sai mun je Turai aron hujja ba ma. Garin nan da kansa da baƙi aka gina shi. Malam Yakubu, Bagere ne da ya yi karatu wurin Shehu Usmanu, ya dawo da tuta, ya kafa birnin a 1809, kuma abin da ya mayar da ganuwa gari shi ne malamai da fatake da masu sana'a da suka yi ta kwararowa daga ƙasar Kano da Borno da sauran wurare. A shekarun 1940, lokacin da Bauchi ta zama matattarar sabon tunanin siyasar Arewa, ɗaya daga cikin masu zafin murya a zauren muhawarar garin, tare da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wani malamin makarantar midil ne ɗan Kano, Aminu. Ba wanda ya ce ya yi shiru tunda ba garinsu ba ne. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, kuma ƙuri'a ce ta kai shi. Iyakar da ta mayar da mutumin Maraɗi baƙo a Katsina, Ingila da Faransa ne suka shata ta tsakanin 1898 da 1906, alhali sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce da suka ƙaura bayan jihadi, har gobe kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai ita.

Akwai wani abin da muke saurin mantawa. Matan Arewa ba su da ƙuri'a a Jamhuriya ta Farko, alhali takwarorinsu na Kudu na jefawa tun shekarun 1950. Su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan wannan. Ta wace ƙofa matan suka shigo daga ƙarshe? Ta zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, bayan garambawul ɗin da gwamnatin soja ta yi. An ce za a ga tashin hankali, an ce al'ada za ta rushe. Aka yi zaɓe, gari ya waye, yau kuma duk ɗan siyasar Bauchi ya san layin mata ne ke yanke hukunci a rumfa. Zaɓen ƙaramar hukuma ya taɓa zama wurin da muka gwada faɗaɗa da'irar masu murya, kuma ba mu yi nadama ba.

Na san abin da za a ce a majalisar bayan la'asar. "Haba Malam, so kake a kwaso mana Nijar gaba ɗaya a tirela?" Tsoron ba na banza ba ne. Iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, yawancinta fili ne fetal. A Janairun 2019 gwamnonin Maraɗi da Zinder sun bayyana a gangamin yaƙin neman zaɓen Buhari a Kano, 'yan adawa suka yi ca, kuma tun daga nan duk wanda ya faɗi zaɓe a Arewa yana da labarin da zai bayar. Hukumar shige da fice kan sanar, gab da kowane babban zaɓe, cewa ta ƙwace katunan zaɓe a hannun baƙi, kuma ana rufe iyakoki ranar jefa ƙuri'a. Sai dai a duba da kyau: duk wannan na faruwa ne a ƙarƙashin haramcin da ake da shi yanzu. Haramcin bai hana ba, ɓoyewa kawai ya sa. Ma'aikacin rajista ba shi da wata na'ura da za ta bambance Bahaushen Jibiya da na Ɗan Isa. Abin da yake da shi ido ne da kunne, saboda haka Buzu mai rawani da wanda Hausarsa ke da ɗanɗanon Faransanci su ake kamawa, wanda ya iya sajewa ya wuce. Mutumin da ya faɗi gaskiyar asalinsa shi ke rasa murya, wanda ya yi ƙarya ya samu har ta zaɓen shugaban ƙasa. Kundi na daban, na mazauna, wanda katinsa ba ya aiki sai a zaɓen kansila da ciyaman, da sharaɗin shekaru masu yawa a gunduma guda da shaidar mai unguwa, ya fi wannan rufa-rufar tsabta. Wanda aka sauke daga tirela jiya ba zai iya kawo shaidar shekara goma ba. Kuma ƙasashen da suka gwada sun ga wani abin da ba a zata ba: a Suwidin, baƙin da aka bai wa dama sun fi 'yan ƙasa ƙaurace wa rumfa.

Zargin baƙunta kuwa makami ne da ba ya tsayawa a kan baƙi. A Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta sa aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin tsohuwar jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallakar da shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ce ta dawo da shi, ta ce ɗan Nijeriya ne. In zaɓaɓɓen ɗan majalisa zai kwana ɗan ƙasa ya tashi baƙo, ina ga talakan Maigatari ko Illela?

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi tirela damuna, wato lafiyar baƙon da kansa. Tarihin Afirka ta Yamma ya nuna ƙuri'a na iya zame wa baƙo masifa, kuma Hausawa na cikin waɗanda suka ɗanɗana. A Kumasi, mutanen zango sun shiga siyasar gari gadan-gadan a shekarun 1950 ƙarƙashin jam'iyyar Musulmi ta MAP, suka haɗa kai da masu adawa da Nkrumah. Watanni kaɗan bayan samun 'yancin Gana a 1957, gwamnati ta ba da umarnin korar manyan zango biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan. Suka garzaya kotu suka ce a ƙasar aka haife su. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi doka ta musamman ɗauke da sunayensu, aka iza ƙeyarsu zuwa Nijeriya. Shekara 12 bayan haka, a Nuwambar 1969, gwamnatin Busia ta bai wa duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice, zangunan Gana suka yi ta zubar da mutanen da ba su san wata ƙasa ba. Mu ma muka rama a Janairun 1983, shekarar zaɓe, muka kori baƙi fiye da miliyan guda, har jakar da suka zuba kaya ta samu sunan da take amsawa zuwa yau. Ba 'yan Gana kaɗai abin ya shafa ba, mutanen Nijar da Chadi ma sun kwashi nasu.

Darasin da ya fi kowanne ɗaci na Kwaddibuwa ne. Shugaba Houphouet-Boigny ya bar baƙi 'yan Afirka ta Yamma, mutanen Burkina da Mali da Nijar da Gini, suna jefa ƙuri'a har a zaɓen shugaban ƙasa. A zamanin jam'iyya ɗaya ba wanda ya damu. Da aka dawo siyasar jam'iyyu a 1990, 'yan adawa su Laurent Gbagbo suka ga baƙin nan rumbun ƙuri'ar tsoho ne kawai, suka ɗora musu karan tsana. Bayan rasuwarsa a 1993, magajinsa Bedie ya soke damar a dokar zaɓe ta 1994, aka shiga tantance wane ne ɗan ƙasa na asali, aka hana Alassane Ouattara takara, 'yan arewacin ƙasar Musulmi suka wayi gari ana yi musu kallon baƙi a gidansu, ƙasa ta rabe biyu a 2002. Abin da ya ɓata lamarin can, a ganina, abu biyu ne. Ƙuri'ar ta kai har kujerar shugaban ƙasa, sannan kyautar mai mulki ce, ba hakkin da aka zauna aka yi yarjejeniya a kansa ba. Wanda ya ba ka don ka zaɓe shi, ranar da ya kau, kai za a tambaya.

Shi ya sa in ka tuntuɓi dattijon Buzu ko Bazabarme da wannan magana, abin da za ka fi ji shi ne, "Alhaji, a dai bar mu mu nemi abincinmu, zaɓe na masu gari ne." Ba rashin wayewa ba ne. Ya san cewa kundin da aka rubuta sunansa da lambar gidansa don zaɓe, shi ne kundin da wata gwamnati za ta iya ɗauka ranar da ta tashi kora. Ya kuma san ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta ba shi damar shigowa ba biza, da waɗanda suka biyo baya kan zama da kafa sana'a, su ne rigarsa, ga shi Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. A gida ma ba shi da akwatin da zai koma wa, don tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ba a yi zaɓe a Nijar ba, a 2024 kuma sojoji suka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi. Mutum ne da babu inda ake ƙirga ra'ayinsa a doron ƙasa. Duk dokar da za ta ba shi ƙuri'a ba tare da ta fara tabbatar masa da zama ba, ta kuma haramta amfani da kundin don farautarsa, tarko ce, kuma gara a bar shi yadda yake.

Sai kuma abin kunyar da ke cikin gida. Da wane baki za mu yi maganar ɗan Nijar, alhali ɗan Nijeriya ma bai gama zama ɗan gari a Nijeriya ba? Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken hakkin zama a ko'ina, amma takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin, ita ke raba gurbin karatu da aiki da tallafi. Inyamurin da aka haifa a Bauchi yana jefa ƙuri'a, amma ya san iyakarsa in maganar tsayawa takara ta taso. Mu kuma mun fi kowa sanin zafin abin, don ga Jos nan kusa. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake jan igiya a kan wa ke da gari. Naɗin Alhaji Aminu Mato a kujerar riƙo ya jawo rikicin 1994, zaɓen ciyaman na Nuwambar 2008 ya ci ɗaruruwan rayuka, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira suna zaune yau a ƙasar Toro da cikin garin Bauchi. Duk 'yan Nijeriya ne, da yawansu kakanninsu ne suka haƙa kuzar da ta gina Jos. A jiharmu ma, rikicin Tafawa Ɓalewa tun 1991 a kan wannan tambaya yake juyawa. A 2025 mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudirin da zai bai wa wanda ya shekara goma a jiha matsayin ɗan asali, aka yi masa rubdugu daga ɓangarori da dama har ya janye. Bahaushen da ke kukan an hana ɗan'uwansa zama ɗan gari a Filato, in ya dawo Gwallaga ya ce wanda ya shekara talatin a maƙwabtakarsa ba shi da ta cewa a kan kwatar layinsu, to da hujjar waɗanda yake kuka da su yake magana. Ma'aunin ɗaya ne: ko dai zama da biyan haraji da ɗaukar nauyin unguwa na sa mutum ya zama na wurin, ko kuwa sai jini.

In kuma za mu faɗa wa juna gaskiya, wace ƙuri'a ce ma ake rowa? Jihar Bauchi ta yi fiye da shekara goma ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, kantomomi ke riƙo, kafin zaɓen Oktoban 2020, wanda PDP mai mulki ta lashe duka kujerun ciyaman 20. A Agustan 2024 aka sake, sakamakon bai canza ba. Kada wani ya ce halin jam'iyya ɗaya ne: a Oktoban 2024 APC ta share duka 23 na Kaduna, NNPP ta share duka 44 na Kano. Hukumar da gwamna ya naɗa, ya ba ta kuɗi, ita ke ƙirga. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye kuma a daina naɗa kantomomi, ya ɗaga fata, amma aiwatarwa na jan ƙafa. A irin wannan yanayi, ƙara sunayen baƙi a kundi ba zai ƙara wa kowa murya ba, lambobin da za a rubuta a takardar sakamako kawai zai ƙara, kuma ranar da rigima ta tashi, a kan baƙin za a sauke. Don haka duk da ina goyon bayan abin, ba na goyon bayan a fara da shi. Sai ƙuri'ar ɗan gari ta fara kayar da ciyaman mai ci, ko sau ɗaya, a ga an rantsar da wanda ya kayar da shi.

Kafin nan akwai abin da ba ya bukatar gyaran kundi. Tsarinmu na gargajiya ya daɗe da sanin cewa baƙo na bukatar baki, shi ya sa garuruwan Hausa ke da sarkin zango da sarkin Yarbawa da shugabannin sauran al'ummomi, masu kai kuka fada. Tsarin ya yi amfani, amma murya ce ta mutum ɗaya, kuma alfarma ce, ana iya janye ta. Ƙaramar hukumar Bauchi na iya wuce nan. Kwamitin kasuwa, kwamitin kula da makarantar firamare, kwamitin lafiya na gunduma, zaman sauraron jama'a kafin kasafin kuɗi, babu inda kundin tsarin mulki ya ce sai ɗan ƙasa zai zauna a cikinsu. A ba mazauna kujera a ciki a rubuce, masu kura da masu shayi su zaɓi wakilinsu da kansu. A nan za a gane ko tsoron da ake ji na da tushe. Tsakanin ƙasa da ƙasa kuma, akwai hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, mai hedikwata a Yamai. Sifaniya na bai wa baƙi ƙuri'ar gari ne bisa ba-ni-in-ba-ka, wato in ƙasarku ta bai wa namu, mu bai wa naku. Ranar da zaɓe ya dawo Nijar, wannan hanya ce da za ta amfani dubban 'yan Nijeriya da ke kasuwanci a Maraɗi da Zinder da Yamai, ta kuma rufe bakin mai cewa mu kaɗai ke bayarwa.

'Yan majalisar tarayya na Bauchi kuwa, in suna neman abin da za su kai zauren gyaran kundi, ga sashe na 26 nan da ke bambanta mijin 'yar Nijeriya da matar ɗan Nijeriya, ga kuma sashe na 27. Shi wannan na biyun ba sai an taɓa kalmominsa ba ma. Tambayar da ya ɗora wa gwamna, ko jama'ar wurin sun karɓi mutumin kuma ya saje da su, mai unguwa da limamin layi za su amsa ta a tsaye, don su suka ɗaura masa aure, su suka raɗa wa 'ya'yansa suna. Abin da babu shi ne teburi a sakatariyar ƙaramar hukuma inda za a karɓi wannan shaida, a haɗa da tsofaffin rasit ɗinsa, a tura Abuja a kan kuɗin da mai tura kura zai iya biya.